Abin da Na Faɗa a Kujerar Aski

Zuwa ga Uwata, Daktar gidanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar amaryata mai giɓi. Ya aiki, ya ɗalibai, ya ciwon wuyan nan da kwamfuta ta ɗora miki? Mu nan ƙalau muke, in aka cire kaina.

Kan da ke bisa wuyana nake nufi. Na yi wa kaina aski. Na aro inji a maƙwabta, na jingina madubi a jikin bokiti, na zauna a tsakar gida kamar wanda ya iya. Na ɗauko daga goshi na nufi ƙeya, ina tsakiyar tafiya aka ɗauke wuta. Na ce bari in ƙarasa da reza, reza kuma ta ga kunne ta fi son sa. Yanzu ina da titi guda a tsakiyar kai da filasta a kunnen hagu. Mamanki ta leƙo daga kicin ta dube ni, ta ce titin ya yi kyau, saura fitilu. Tun da abin nan ya faru ba ta yi mini magana mai tsawon wannan ba, don haka ba zan ce na yi asara ba. Da hula nake kwana.

Za ki ce me ya hana ni zuwa shagon aski. Kin san abin da ya hana.

Na kira wayarki har mun saba da matar nan ta cikin waya, kullum ta ce mai lambar ba ta kusa, in sake gwadawa. Shi ya sa na koma wa biro, da ɗan karatuna da ya kai aji biyu na sakandare ya zauna ya ce ya gaji. Ki yi haƙuri da rubutun.

Uwata, bari in tuna miki yadda aka fara, ko kya ga ba mugunta ba ce. Lokacin da aka cire mini yanar ido, aka naɗe ni da bandeji, aka hana ni talabijin da fita, ke ce kika kwaso kwamfutarki da takardunki kika tare a ɗakina. Ina kwance ina jin ƙarar shafi, can ki yi tsaki, can ki ce a'a bawan Allah, ba haka ba ne. Na dame ki da tambaya. Kika ce aikin tantancewa kike yi: malami ya yi bincike ya rubuta, ya aika wa mujallar masana, su kuma kafin su buga sai su cire sunansa su tura wa wani masani ya duba ko maganar ta tsaya da ƙafarta. Shi bai san wanda ya duba ba, ke ba ki san wanda ya rubuta ba, edita kaɗai ya san ku duka. Na tambayi nawa ake biya, kika ce ko sisi. Na tambayi inda ake sa sunanki, kika ce ba a sawa. Na ce to wannan ai tsegumi ne mai digiri, mu ma kyauta muke yin namu, amma ko banza an san mu. Kika yi dariya har kika ajiye biro.

Da kika ga zaman zai kashe ni, sai kika fara fassara mini. Binciken a kan masana'antu ne da yadda ake tsara gyaran injuna. Mutumin ya ce akwai wata manhaja da ke gaya wa manaja lokacin da inji zai nemi gyara tun kafin ya tsaya, ya kawo alƙaluman masana'antu da dama don nuna ta yi aiki. Akwai wadda ta fi kowacce, ko inji ɗaya bai lalace mata ba duk tsawon binciken. Ni da na tsufa a siton kamfanin sabulu har na sa wa manajanta albarka. Sai kika juya can baya, wani jadawali da ba mai karantawa, na wutar da kowace masana'anta ta sha. Gwarzuwar ba ta sha komai ba. A rufe take. Injin da aka kashe, ta ina zai lalace?

Na yi dariya har na ji idon yana ja. Kika ce Baba, amana ce, daga ɗakin nan ba ta fita. Na kama leɓena na murɗa makulli na jefa ƙarƙashin gado, kina kallo.

Ashe bakin yana da safayar makulli.

Amma ki duba, ban faɗi sunan mutumin ba, tunda ban san shi ba. Labari kawai na bayar aka yi dariya. Ki yafe wa tsoho, ki ɗaga waya, ko zagi ne ki yi, ai ke uwata ce, sunanta kika ci, kina da iko. Ki gaishe da mutanen gidan.

Naki,
Babanki, wanda unguwa ke kira Rediyo.

*

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kun tashi lafiya, kuma tarin 'yar amaryata ya sauka. Ki ce mata mijinta na nan, ya ƙara muni, amma yana nan.

Maigidanki ya zo jiya da maganin ɗigawa na ido. Ya ce ke kika lissafa cewa wancan ya kusa ƙarewa. Na riƙe kwalbar na rasa inda zan sa fuskata. Kina fushi da ni, amma kina ƙirga mini magani.

Na tsare shi a ƙofa sai da ya gaya mini abin da kuke ɓoye mini. Ya ce marubucin ya kai ƙara wurin edita. Ya ce an tambaye ki ko kin nuna wa wani takardar, kika ce e, mahaifina, yana jinya, ni na karanta masa. Ya ce ba ki ƙara ko kalma ɗaya don kare kanki ba. Mutanen mujallar sun cire sunanki daga masu tantance musu, sun rubuto wa jami'arku, kwamitin ƙarin girma kuma ya ajiye fayil ɗinki gefe. Ya faɗi wannan duka a hankali, da ladabi, yana kallon takalminsa. Da ma ya ɗaga mini murya.

A waccan wasiƙar na ce labari kawai na bayar. Bari in faɗe shi yadda ya faru.

Ranar da aka cire bandeji, shagon aski na fara nufa. Shagon a cike, benci ya cika, wasu a tsaye a bakin ƙofa, aka yi ta oyoyo Rediyo ya dawo. Mai aski ya yafa mini ƙyalle ya ce an yi kewar labarai, me na samo a jinya. Uwata, kin san ni. Idan mutane suka yi shiru suna jirana, ji nake kamar an ɗora mini kaya sai na sauke. Na ce 'yata Dakta, wadda ke koyarwa a sashen injiniyoyi na jami'a, ita ce ke yanke wa manyan masana hukunci a ɓoye. Na ba su labarin masana'antar da ke rufe. Na ƙara gishiri. Na ce an samu sabon likitan injuna, maganinsa ɗaya ne, a kashe wuta. Na raɗa masa suna Dakta Kashe-Wuta. Na ce kin yaga takardar kin jefa kwandon shara. Sai da mai aski ya ɗaga injinsa daga kaina don kada ya yanke ni, saboda dariya.

A kujerar da ke gefena akwai wani da aka sunkuyar da kansa ana gyara masa ƙeya. Shi ya fi kowa tambaya: masana'antar me, manhajar me. Na ɗauka daɗin labarin yake ji, na ƙara buɗe famfo. Ashe shi ne mai kula da ɗakin gwaje-gwaje a kwalejin fasahar da marubucin yake koyarwa, kuma ya san binciken tun yana jariri. Abin da mujalla ta rufe ta fuska biyu, ni na buɗe shi a zama ɗaya, da ƙyalle a wuyana.

Na gaya wa Mamanki zan je jami'ar in ce laifina ne. Ta ce in je, in ba su labari, wataƙila su ma su yi dariya. Sannan ta ce tun kina firamare, in kin dawo, ni kike fara nema da jakarki a baya, ki zazzage mini duk abin da aka yi a aji, ita kuwa sai dai ta ji a bakina. Ta ce ta daɗe tana jin haushin haka, yanzu kuma ta rasa da wa za ta yi kishi. Ta faɗa ta koma yankan albasarta tana share ido. Ni ma na ce albasar ce.

Ban san abin da ake rubutawa a nan ba. A makaranta an koya mana wasiƙar neman aiki da ta neman hutu, na bar makaranta kafin a zo kan wannan.

Allah ya yi miki albarka, ko kin amsa ko ba ki amsa ba.

Babanki.

*

Zuwa ga Dakta, mai tantancewa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali, ina sanar da ke cewa saƙo ya iso. Maigidanki ne ya miƙo mini ambulan. Na buɗe, sai ga wasiƙuna biyu sun dawo, jan biro ya yi musu kaca-kaca kamar kunnena ranar aski.

Na sa tabarau na bi su ɗaya bayan ɗaya. Labarin titin kaina kin ja masa layi daga sama har ƙasa, kika rubuta: ba ya cikin batu. Inda na ce ban faɗi sunan mutumin ba, kin zagaye shi kika rubuta: ka faɗi nawa. Inda na ce ki yafe wa tsoho, kika rubuta: tsufa ba hujja ba ne, a kawo wata. Inda na ce na faɗa musu kin yaga takardar, kin ja layi biyu kika rubuta: me na yi a gaskiya? Kana wurin. A ƙarshen ta biyun kuma: wanda aka fi cuta ba ya cikin wannan rubutu ko sau ɗaya. Sai can ƙasa, da manyan baƙi: gyara mai yawa, a sake kawowa.

Mamanki ta ce ita ce mace ta farko da ta ga an kayar da mutum jarrabawa yana murmushi. Ba ta san abin da na sani ba. A ɗakin jinya kin gaya mini hukunci iri-iri ne: a karɓa, a yi ƙaramin gyara, a yi babban gyara, ko a mayar wa mai shi kayansa. Kika ce wanda ba ki da fata a kansa, layi kaɗan kike rubuta masa. Na duba jan biron nan, ya yi yawa. Da shi na kwana a ƙarƙashin filo.

Kuma na tuna abin da kika yi a gaskiya. Ba ki yaga komai ba. Kin zauna kwanaki kina rubuta wa mutumin shafi bayan shafi: ya cire masana'antar da ke rufe, ya sake lissafi, ya tuntuɓi sauran ya tabbatar suna aiki, ya rage girman da'awarsa zuwa abin da alƙaluma za su iya ɗauka. Kika ce mini tunaninsa mai kyau ne, gaggawa ce ta ci shi, kuma in ya gyara za a amfana. Na ji wannan da kunnena. Ban kai shi shagon aski ba saboda ba ya ba da dariya.

Don haka na je kwalejin. Na sa babbar riga da hular da ta fi rufe titi. Na hau bene ina hutawa a kowane hawa, ina fatan a ce ba ya nan. Yana nan. Uwata, yaro ne, bai kai ki ba. Ofis ɗan ƙarami, fanka tana kuka, kujerar baƙi ƙafarta ɗaya an tallafe ta da littafi. Na gaishe shi na ce ni ne bakin da ya jawo masa. Sai ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya zuba mini ruwa. Da ya kore ni da na fi samun sauƙi.

Ya jawo aljihun tebur ya fito da rahotonki. Kowane gyara da kika nema ya sa masa alama a gefe, kusan duka ya gama. Ya ce kuskuren nasa ne: manajan ya cike masa takardar tambayoyi da sifili-sifili don yana jin kunyar cewa an rufe su, shi kuma ya ga sakamako mai daɗi bai tsaya tambaya ba. Ya ce ranar da rahoton ya zo ya ji zafi, washegari ya ji kunya, daga baya ya gane ba a taɓa karanta aikinsa da irin wannan kulawa ba, har ya yi ta addu'a ga wanda bai sani ba. Ya sake lissafin, manhajar tana taimakawa, ba kamar yadda ya fara cewa ba, amma tana taimakawa.

Yana cikin haka sunan ya iso kwalejin. Yanzu in ya shiga aji, sai wani daga baya ya kashe fitila, wani ya ce an gyara. Ɗansa ma an kira shi da sunan a makarantarsu. Ya janye takardar gaba ɗaya. Ya ce ya kai ƙara ne don ya ɗauka ke kika mai da shi abin dariya, kina yi masa gyara da hannu ɗaya kina nuna shi da ɗayan. Ya ce Baba, a cikin ɗaki kuskure ne, ana gyara shi, kai ka mai da shi sunana.

Na roƙe shi gafara. Ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, irin wadda ake faɗa wa baƙo don ya tashi. Na roƙe shi ya rubuta wa edita. Ya ce zai rubuta cewa ba ke kika yi masa ba'a ba, amma dokarsu ta ce kada a nuna wa kowa, kuma an nuna. Na ce to ni me zan yi. Ya ce inda na faɗi rabin farko, in je in faɗi rabi na biyu.

Wannan shi ne gyaran da na samu yi zuwa yanzu. Na san bai cika ba.

Ɗalibinki mai maimaita aji,
Babanki.

*

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun isa gida lafiya ranar nan, kuma 'yar amaryata ba ta yi amai a mota ba bayan alewar da na ɗura mata a ɓoye.

Kafin in zo kan zuwanki, ga rahoton shagon aski.

Na zaɓi lokacin da ya fi cika. Ina cire hula shagon ya kece, don titin ya fara tsiro amma gefensa ya fi shi tsawo. Na bari suka gama. Na ce yau ba aski ya kawo ni ba, magana ce, kuma ba ta wasa ba. Suka gyara zama suna murmushi tun ban fara ba. Na ce labarin da na ba ku na malamin nan, rabi na faɗa, kuma na yi ƙarya a ciki. Wani ya ce yau kuma Rediyo gyaran labarai yake. Na ce 'yata ba ta yaga takardar ba, hanya ta nuna masa, shi kuma ya bi, ya sake lissafi, aikinsa mai kyau ne. Wani ya ce wato ya kunna wutar. Aka fashe. Na ce sunan da na sa masa ya bi shi aji, ya bi ɗansa makaranta, 'yata kuma ta rasa abin da ta daɗe tana ginawa ba tare da ko sunanta ya fito ba. Muryata ta karye a nan. Mai aski ya dafa kafaɗata ya ce wallahi mutumin nan da fim ya shiga da ya yi kuɗi.

Na zauna aka yi mini askin. Da ya shafa mini maganin nan mai zafi ruwa ya zubo mini daga ido, ya ce kunnen ne bai warke ba. Na ce shi ne.

Shekara da shekaru ina koya wa mutanen nan cewa in na buɗe baki dariya za a yi. Sun koya da kyau. Ba ni da wanda zan kai ƙara.

Sai ga ki kin zo duba Mamanki. Na ji tsayuwar mota na rasa ko in fito ko in shiga bayi. Kika shigo ɗakina, kika durƙusa, kika gaishe ni cikakkiyar gaisuwa. Kika tambayi ido, kika duba kwalbar magani, kika ce askin ya yi kyau. Babu abin da 'ya take yi wa uba da ba ki yi ba. Na ga jakar kwamfutarki a kafaɗarki, ba ki sauke ta ba. Na ce Dakta, ya aiki. Kika ce alhamdu lillahi.

Na jira sauran. Da can wannan tambayar ita ce ke buɗe ƙofa: shugaban sashe ya yi kaza, wani ɗalibi ya kwafo aikin wani har da sunan mai shi, wata takarda ta hana ki barci. Na jira, kika gyara mini filo, kika ce bari ki je wurin Mama. Ina jin muryarku ta bango, ƙasa-ƙasa. Da na taso na nufo kicin, sai kuka koma maganar tsadar gas.

Ban yi fushi ba. Ni ma da ni ne ke, haka zan yi. Na dai zauna a bakin gado na leƙa ƙarƙashinsa, inda na jefa makullin nan, kamar wawa.

Ba na roƙon ki karɓi wannan, na san hukuncinsa tun kafin ki ɗauko biro. Ina dai sanar da ke inda aiki ya tsaya. Mai kula da ɗakin gwaje-gwajen bai zo ranar ba, kuma shi ne ya kai rabin farko kwalejin, dole rabi na biyu ya shiga kunnensa. Sauran kuma ba su ji ba tukuna, dariya kawai suka yi. Na gaya wa mai aski zan dawo mako mai zuwa. Ya ce ai ba gashin da za a aske. Na ce ya aske abin da ya samu.

Zan yi ta komawa ina faɗa, yadda ya faru, ba gishiri, har ranar da zan kai ƙarshe shagon yana shiru. Yaron can yana bina wannan, ke ma kina bina. Ban san ko kan zai ƙare kafin bashin ba.

Ki shafa mini kan 'yar amaryata. Ki gaishe da maigidanki, ki ce na gode da kallon takalmi. In kin ga dama ki dawo mini da wannan ma da jan biro. Ko layi ɗaya ne, ina karantawa.

Naki har kullum,
Babanki.